Daga Turke Zuwa Fagen Sukuwa: Abin Da Likitocin Dabbobi Suka Gano A Jikin Doki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar Hawan Daushe a Kano, ko ranar Hawan Bariki a Katsina ko Zariya, ya san yadda tsigar jiki kan tashi sa'ad da mahaya suka saki linzami suka nufo Sarki a sukwane, ƙura ta turnuƙe, sa'an nan su ja zamiya su yi jinjina. Ɗan kallo yakan koma gida yana ta zancen ado da iya zama bisa sirdi. Amma ba kasafai yakan ji labarin abin da ya faru a barga ba bayan an kwance sirdi. Akwai dokin da zai ƙi abinci, ya tsaya yana haki har bayan lisha. Akwai wanda zai yi ta birgima yana waiwayen cikinsa. Akwai kuma wanda ƙafafunsa na baya za su sandare, fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi. Wani yakan tashi, wani kuwa kafin gari ya waye sai dai a ja shi bayan gari. Daga nan sai ka ji ana cewa baki ne ya kama shi, ko kuwa wani abokin gaba ne ya yi masa sammu.

Doki dai ba ƙaramar dukiya ba ce a ƙasar nan. Shi ne adon sarauta, shi ne kuma abin alfaharin 'yan ƙwallon dawaki tun zamanin da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Sarki Usman Nagogo suka ɗaukaka wasan. A 2024 ma hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Mutum yakan kashe kuɗi masu yawa wajen sayen ingarma da kayan adonsa, saboda haka ya kamata masu dawaki da 'yan barga su ji abin da likitocin dabbobi suka gano game da ci da sha da gudun wannan dabba. Abin da binciken ya nuna kuwa shi ne, yawancin asarar da akan yi ranar hawa tun daga turke take somawa, watanni kafin a buga tambari.

YADDA AKA SOMA BINCIKEN

An daɗe ana kiwon doki da ido da gwaji, amma auna jikinsa yana cikin gudu sabon abu ne. A 1878 wani mai ɗaukar hoto, Eadweard Muybridge, ya jera na'urorinsa a gefen fili a Kalifoniya ta ƙasar Amurka, ya ɗauki doki yana sukuwa, aka ga ashe akwai lokacin da duk ƙafafunsa huɗu ba su taɓa ƙasa. Sanin abin da ke faruwa cikin jikin kuwa ya bunƙasa ne a shekarun 1960, lokacin da wani likitan dabbobi na ƙasar Suwidin mai suna Sune Persson ya riƙa ɗora doki bisa wani inji mai shimfiɗa wadda ke zarcewa ƙarƙashin kofato, yadda doki zai yi ta gudu alhali kuwa yana wuri ɗaya. Ta haka likita yana tsaye a gefe sai ya ɗebi jini, ya ƙirga bugun zuciya, ya auna numfashi, doki na tsakiyar aiki. A 1982 masanan wannan fanni suka yi taronsu na farko na duniya a Oxford ta Ingila, tun daga nan kuma suke taruwa bayan kowace shekara huɗu.

A nan gida, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos tun 1924 take aiki, ko da yake cutar bushiya ta shanu ce ta sa aka kafa ta. Akwai kuma sassan koyar da likitancin dabbobi a jami'o'in Zariya da Ibadan da Nsukka da Sakkwato da Maiduguri, kowanne da asibitinsa. Sai dai mai karatu ya sani, yawancin awon da za mu kawo a nan an yi shi ne bisa manyan dawakin tsere na Turai da Amurka masu nauyin kilo 450 zuwa 500. Namu na gida, irin na Barno da na Asbin, ba su kai su girma ba, amma halittar ɗaya ce.

ZUCIYA DA SAIFA DA HUHU

Idan doki yana tsaye a turke hankalinsa kwance, zuciyarsa takan buga sau 30 zuwa 40 a minti ɗaya, watau kusan rabin bugun ta mutum. Da zarar ya shiga sukuwa sosai sai ta haura sau 220, har ta kai 240. Zuciyar dokin tsere takan yi nauyin kilo 4 ko fiye. Ta wani shahararren doki mai suna Phar Lap, wanda ya mutu a 1932, ta haura kilo 6, an kuwa adana ta a gidan tarihi na birnin Kanbera a Ostareliya.

Saifa ita ma abin mamaki ce, domin a jikin doki rumbu ce. Sa'ad da yake hutawa takan ɓoye wajen sulusin jajayen ƙwayoyin jininsa, waɗanda su ne ke ɗaukar iskar oksijin su kai wa tsoka. Da ya firgita ko aka zabure shi sai saifa ta matse ta juye su cikin jini. Jajayen ƙwayoyin da suke kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na jinin a lokacin hutu sai su haura kashi 60. Watau dai doki yana yawo da guzurin jininsa a ciki, don ranar gudun ceton rai.

Huhu ne mai rauni a cikinsu. Doki ba ya numfashi ta baki kamar mutum ko kare, sai ta hanci kaɗai. A cikin sukuwa kuma numfashinsa a ɗaure yake da takunsa, tsalle ɗaya numfashi ɗaya, wajen sau 120 ko fiye a minti, iskar da yake shaƙa kuwa takan haura lita 1,500 a mintin nan. Horo yakan ƙara wa zuciya da tsoka ƙarfi, amma ba ya ƙara girman huhu. A 1981 John Pascoe da abokan aikinsa a Kalifoniya suka zura na'urar leƙen ciki a maƙogwaron dawakin tsere bayan sun gama gudu, suka tarar da jini a hanyar iskar fiye da kashi 40 cikin 100 nasu, alhali kaɗan ne ƙwarai jinin ya fito ta hancinsu. Ƙananan jijiyoyin jini na huhu ne ke fashewa saboda ƙarfin turin zuciya. Saboda haka in doki ya yi haɓo bayan sukuwa, galibi daga huhu jinin ya taso, hutu da likita yake bukata. Har wa yau an auna an ga cewa jan linzami har wuya ya lanƙwashe, haɓa ta kusanci ƙirji, yana ƙuntata hanyar iska. Wannan ado ne a wajen takama, amma a wajen sukuwa shaƙe doki ne. Ƙurar barga da ingirici mai fumfuna su ma sukan kawo tari wanda ke rage gudu.

CIKIN DOKI BA IRIN NA SANIYA BA NE

Babban kuskuren da akan yi wa doki shi ne a ciyar da shi kamar ragon layya da ake turkawa. Saniya tana da ƙaton tumbi wanda take cikawa ta koma ta kwanta tana tuƙa. Doki ba ya tuƙa. Tumbinsa lita 8 zuwa 15 kawai yake ci, bai kai cikin garwa guda ba, kuma ba ya iya amai, duk abin da ya shiga sai dai ya wuce gaba. Aikin narkar da ciyawa can ƙarshe ake yin sa, a uwar hanji, inda ɗimbin ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani suke ruɓar da ita, su mai da ita abin da jiki zai amfana da shi. In an sake shi a daji, doki yakan yi awa 14 zuwa 16 kullum yana kiwo, yana tsinka kaɗan-kaɗan yana tafiya.

Tumbin doki ba ya daina tsatso ruwan tsami dare da rana, ko da abinci ko babu. Yawu ne ke kashe kaifin wannan tsami, yawun doki kuwa ba ya zuwa sai yana tauna. Masu bincike a Jamus sun auna sun ga kilo ɗaya na ingirici yakan ɗauki doki wajen minti 40 yana tauna, amma kilo ɗaya na hatsi minti 10 ya ishe shi. Dokin da aka ba hatsi da safe aka bar shi da komi wayam har la'asar, tsami yana ta cin cikinsa ke nan. A 1996 Michael Murray da abokan aikinsa a Amurka suka leƙa tumbin dawakin tsere da ke cikin horo, suka sami gyambo a fiye da kashi 90 cikin 100. A 2002 kuma masu bincike a Jami'ar Fulorida suka nuna cewa idan doki yana gudu cikinsa yakan matse, tsamin ya fantsamo sashen sama na tumbi wanda ba shi da kariya. Wanda ke hana doki abinci tun asuba wai don ya yi sauƙin gudu, cutarsa yake yi. 'Yar harawa ko ingirici kafin a ɗaura sirdi takan zama kamar murfi bisa tsamin.

Hatsi shi ma yana da iyaka. Ƙaramin hanji ba ya iya narkar da sitaci mai yawa a lokaci ɗaya, balle na dawa da masara wanda ya fi tauri. Abin da ya tsere ya faɗa uwar hanji sai ya yi tsami nan da nan, ya kashe halittun nan masu amfani, iska ta taru, ciki ya kumbura. Daga nan ake samun ciwon ciki mai sa birgima, da kuma ciwon kofato, inda naman da ke riƙe da kofato yake kumbura har doki ya kasa taka ƙasa. A wani bincike da aka buga a 1997 an bi dawaki fiye da 1,400 na gonaki 31 a Amurka har shekara guda. Aka tarar dokin da ke cin fiye da kilo 2 da rabi na hatsi a rana haɗarinsa na ciwon ciki ya ninka na wanda ba ya ci kusan sau biyar, mai cin fiye da kilo 5 kuwa sau shida. Sauya abinci farat ɗaya shi ma an same shi cikin manyan dalilai.

Ƙa'idar da likitoci suka tsayar ita ce, busasshiyar ciyawa da harawa kada su gaza kashi 1 da rabi cikin 100 na nauyin doki a kowace rana. Doki mai kilo 300 ke nan yana bukatar kilo 4 da rabi zuwa 6, ko ta harƙiya ce ko kyasuwa ko harawa. Hatsi kuwa ƙari ne gwargwadon aiki. Ga doki irin wannan kada ya wuce kilo ɗaya a ci ɗaya, a ɓarza shi ko a jiƙa, a raba sau biyu ko uku a yini. Duk wani sauyi kuma a yi shi sannu-sannu cikin kwana 10 zuwa 14.

DUSA DA HARAWA

Dusa tana da arha, doki kuma yana son ta, shi ya sa a bargogi da yawa ita ce tuwon yau da kullum. A Turai an daɗe da sanin wata cuta wadda ake kira ciwon dokin mai niƙa, domin dawakin masu niƙan alkama ne suka fi kamuwa da ita, su da ake cika wa ciki da dusa. Da sinadarai biyu ake gina ƙashi, kalsiyam da fosfaras, jiki kuma yana bukatar kalsiyam ya rinjaya, kamar ɗaya da rabi ko biyu bisa ɗaya. Dusar alkama kuwa fosfaras ɗinta ya ninka kalsiyam wajen sau goma, hatsinmu na dawa da gero da masara su ma kalsiyam kaɗan gare su. Idan aka daɗe a haka, jiki sai ya koma yana zarar kalsiyam daga ƙashi. Ƙasusuwan fuska su kumbura, haƙora su yi girgiɗi, doki ya riƙa ɗingishi yau da wannan ƙafa gobe da waccan, ƙashi ya yi saurin karyewa. Dukushi mai tasowa shi ya fi shiga haɗari.

Maganin yana cikin gonakinmu, domin harawar wake da ta gyaɗa suna da kalsiyam mai yawa. Kakanninmu da suka riƙa tara harawa bisa rufin ɗaki da rassan itatuwa da kaka ba su san sunan sinadarin ba, amma sun dace da abin da awo ya zo ya tabbatar. Dusa ba laifi ba ce in kaɗan ce kuma harawa tana biye da ita.

CIWON SAFIYAR LITININ

A zamanin da dawaki ke jan amalanke da garma a Turai, manoma sun lura da wani abu. Dokin da ya yi aiki duk mako, aka hutar da shi ran Lahadi amma ba a rage masa hatsi ba, ran Litinin da an fita da shi sai ƙugunsa ya sandare, zufa ta karyo masa, fitsarinsa ya yi duhu. Suka sa wa abin suna ciwon safiyar Litinin. A farkon shekarun 1930 Birger Carlström na Suwidin ya danganta ciwon da abincin da ke taruwa cikin tsoka lokacin hutu. Tsoka ce ke lalacewa, abin da ke sa ta ja ya kwarara cikin jini ya bi ta ƙoda. Shi ne duhun fitsarin nan, yana kuwa iya kashe ƙodar. A 1992 Stephanie Valberg a Amurka ta gano cewa wasu dawaki suna tara sukari fiye da kima cikin tsokarsu, a 2008 kuma aka tabbatar da cewa ga da yawa daga cikinsu gado ne. Ko na gado ne ko ba na gado ba, rigakafin ɗaya ne, a rage hatsi ranar hutu, a motsa doki kullum.

To, idan hutun kwana ɗaya yana iya jawo haka, ina ga dokin da ya yi wata da watanni a turke yana cin dawa, ranar Salla aka ɗaura masa sirdi aka sa masa ƙaimi? In har irin wannan ta faru, kada a tilasta masa tafiya, don kowane taku ƙara ɓarna yake yi. A sauka, a kwance sirdi, a ba shi ruwa a inuwa, a aika a kira likita.

Bincike ya kuma nuna cewa gaɓoɓin jiki ba tare suke karɓar horo ba. Jini da zuciya da tsoka sukan nuna canji cikin mako biyu zuwa takwas, amma ƙashi da jijiyoyin ƙafa sai sun yi watanni. Haɗarin ke nan: doki yakan ji ƙarfi a ƙirji tun ƙafarsa ba ta ƙosa ba, mahayi ya ruɗu da zafin namansa, a wajen zamiya jijiya ta tsinke. Kilisa da muka gada ita ce maganin wannan, in an yi ta bisa tsari. A soma aƙalla wata biyu ko uku kafin hawa, da tafiya tukuna, sa'an nan sassarfa, daga baya a ƙara gajeriyar sukuwa sau ɗaya ko biyu a mako. Ranar hawa ma a yi minti 10 zuwa 15 ana tafiya da sassarfa kafin a zabura. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

ZUFA DA RUWA DA GISHIRI

Daga cikin ƙarfin da tsoka ke ƙonawa, kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar kaɗai ke zama gudu, sauran duk zafi yake zama. Zafin jikin lafiyayyen doki digiri 37.5 zuwa 38.5 ne a ma'aunin Selshiyas, in ya haura 41 rai yana cikin haɗari. Doki jibgege ne, faɗin fatarsa kaɗan ne in an gwada da nauyinsa, saboda haka ya fi mutum saurin ɗaukar zafi da jinkirin sakinsa. Babban doki mai aiki cikin rana yakan zubar da zufa lita 10 zuwa 15 a awa ɗaya.

Zufar doki kuma ta sha bamban da tamu. Ta mutum ba ta kai jininsa gishiri ba, don haka in ya yi zufa jinin yakan ƙara gishiri, ƙishirwa ta kama shi nan da nan. Ta doki ta fi jininsa gishiri, shi ne farin da akan gani a jikinsa in ta bushe. Saboda haka yana iya tafkewa da rashin ruwa bai ji ƙishirwa yadda ya kamata ba. Mun gaji ba doki kanwa, akwai kuwa sinadarin sodiyam a cikinta wanda jiki ke so. Amma abin da ya fi fita cikin zufa shi ne kulorayid, wanda a gishiri ake samunsa sosai. Jinin dokin da ya daɗe yana zufa da ma yakan karkata wajen ɗabi'ar kanwa, ɗura masa kanwa a wannan hali ƙara wa Barno dawaki ne. Gishirin ci ko kantu shi ake bukata, babban cokali ɗaya zuwa biyu kullum, da ƙari ranar aiki. Ruwa kuwa lita 25 zuwa 50 a yini, watau wajen garwa ɗaya da rabi zuwa uku, da bazara ma fiye.

Mafi yawan abin da aka sani game da sanyaya doki daga wasannin Olamfik ya fito. A wasan Basalona na 1992 dawaki da dama sun galabaita da zafi. Da yake na 1996 a Atlanta ta Amurka za a yi shi, garin zafi mai laima, sai hukumar wasannin dawaki ta duniya ta sa masana na Ingila da Amurka da Kanada suka duƙufa bincike, cikinsu har da David Marlin na Newmarket a Ingila. Kafin nan Turawa sun ɗauka, kamar yadda akan ji a bargoginmu, cewa zuba wa doki mai zafin jiki ruwan sanyi yana sandarar da tsoka, shayar da shi kuma yana kawo ciwon ciki. Awo bai goyi bayan ko ɗaya ba. Hanyar da ta fi saurin sauko da zafi ita ce a kwarara masa ruwan sanyi a duk jiki, a yi ta maimaitawa, a inuwa mai iska, a kuma bar shi ya sha. Aka gajarta zangon gudu, aka riƙa somawa da sassafe, aka kai dawaki makonni kafin ranar don su saba da yanayin, aka kuwa gama wasan zafi bai kashe doki ko ɗaya ba. Binciken da aka yi daga baya a Japan da Ostareliya a 2020 da 2021 ya nuna ba sai an tsaya ana share ruwan daga jikinsa ba, a dai ci gaba da zubawa.

Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin Salla zagaya shekara take yi, tana matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara. A 2024 ƙaramar Salla ta faɗo cikin Afrilu, a 2025 kuma ƙarshen Maris, watau cikin bazara, lokacin da zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40. A Kudu kuwa, kamar Legas da Ibadan da Fatakwal inda ake ƙwallon dawaki, laimar iska ce ke hana zufa bushewa, zufar da ba ta bushe ba kuwa ba ta sanyaya jiki. Dokin da aka kai can daga Arewa yana bukatar wajen mako biyu yana ƙaramin aiki kafin ya saba.

Sai kuma maganar kaya. A 2008 masu bincike a jihar Ohayo ta Amurka suka ɗora wa dawaki takwas nauyin kashi 15 da 20 da 25 da 30 cikin 100 na jikinsu. Daga kashi 25 zuwa sama bugun zuciya da haki suka ƙaru, tsoka ta yi tsami washegari. Idan aka bi kashi 20, doki mai kilo 300 kilo 60 ke nan zai ɗauka, da mahayi da sirdi da jalala da lifidi duka. Ƙaton mutum ya nemi ingarma, ya bar wa yara ƙuru. Kayan ado kuma sukan rufe fatar da ya kamata ta sha iska, saboda haka in ana jiran fitowar Sarki, mahayi ya sauka, zagi ya sassauta majayi ya nemi inuwa.

ABIN DA MAI DOKI ZAI IYA AUNAWA DA KANSA

Ba sai mai doki ya mallaki injin Persson ba. Yatsa da agogo da ma'aunin zafin jiki sun isa. Ya sa yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙi inda jijiya ke harbawa, ya ƙirga bugun a minti ɗaya lokacin da doki ke lafiya, don ya san abin da ya saba. A gasar dogon zango ta duniya, dokin da zuciyarsa ba ta sauko zuwa bugu 64 ba cikin minti 15 zuwa 20 da tsayawa, likitoci sukan fitar da shi daga gasar. Wannan ma'auni ne mai kyau ga kowa. Ya ɗaga leɓen doki ya dubi dasashi: na mai lafiya yana da laima da ɗan ja-ja, in an danna da yatsa launin yakan dawo cikin daƙiƙa biyu. Ya tsunkuli fatar wuya ya saki, in ta daɗe a tsaye ruwan jiki ya yi ƙasa. Idan doki ya soma tonon ƙasa yana waiwayen ciki, a ɗauke abinci daga gabansa a nemi likita tun da wuri, kada kuma a ɗura masa wani jiƙo ta hanci, don huhu yakan faɗa.

Allurar rigakafi ita ma tana cikin shirin hawa, domin taron dawaki daga gari-gari kasuwar cuta ce. Murar dawaki ta ratsa Nijar da arewacin Nijeriya a 2018 da 2019, ta kashe jakuna masu yawa. Akwai kuma cutar dawaki ta Afirka, wadda ƙyashi ke ɗauka daga almuru zuwa asuba. Takan kashe har tara cikin goma na dawakin da jikinsu bai san ta ba, musamman waɗanda aka shigo da su daga ƙetare, kamar yadda ta ɓarke a Legas a 2007. Mai doki ya tuntuɓi ofishin dabbobi na yankinsa game da allura da maganin tsutsar ciki da duban haƙora tun da sauran lokaci.

Yawancin abubuwan nan ba su kai kuɗin jalala ɗaya ba. Harawa a komi dare da rana, hatsi gwargwadon aiki, gishiri, garwar ruwa wadda ba ta ƙafewa, da fita kullum. Shamaki da ɗan barga da mai doki ɗaya a zaure, kowa ya ƙirga kwanakin da suka rage kafin Salla. In sun kai wata biyu ko uku, to, madalla, gobe da asuba sai a kwance dabaibayi a fita kilisa. In kuwa ba su kai ba, a hau a yi takama a kai gaisuwa, a bar sukuwa sai wata Sallar.